Kwalaben Lamba Bakwai

Shekara ashirin da shida Wietske ta yi tana yankan tsirrai a wata ma'aikata da ke bayan garin Boskoop, kuma duk tsawon shekarun nan ba a samu hannun da ya kamo nata ba. Aikin ba na hayaniya ba ne. Mace za ta zauna gaban akwatin gilashi mai huro tatacciyar iska, baki a rufe da takunkumi, hantsaki a hagu, 'yar aska a dama. Ta buɗe kwalba, ta ciro curin tsiron da bai fi farcen babban yatsa ba, ta raba shi, ta dasa kowane yanki a sabuwar kwalba mai daskararren abinci a gindinta. Bayan mako shida a dawo mata da su kowanne ya zama curi, ta sake rabawa. Ba a magana, don numfashi ɗaya ya isa ya sa funfuna ta cinye kwalba. Haka tsiro guda yake zama dubu goma bai taɓa sanin ƙasa ko ruwan sama ba. Kowace kwalba ana manna mata lambar wadda ta yanka, lambar kuma tana bin tsiron har cikin tukunyar da za a sayar da shi. Lambar Wietske huɗu ce.

Wata Alhamis a tsakiyar Disamba, da ƙarfe goma, matan suka fito shan gahawa. Wietske ta raɓa kusa da hita tana murza wuyan hannunta na dama, inda likita ya taɓa tsagawa. Gajiya ta riga ta zame mata kamar rigar ciki, da ita take kwana, da ita take tashi. Corrie, mai lamba bakwai, ta zo ta zube a kujerar gefenta, kumatu cike da baƙar alewa mai gishiri.

"Keken-ɗinki, nawa kika zuba tun safe?"

"Ɗari huɗu da 'yan kai. Ke fa, Dodon-koɗi?"

"Ni ai sai na gaisa da kowanne kafin in sa masa wuƙa. Tarbiyya ce, ba kowa aka yi wa ba."

"Shi ya sa har yanzu kike kan na jiya."

"To ina za su? Jirgi ne zai tashi ya bar su?"

Ana cikin dariya wayar Wietske ta yi ƙara. Yayanta ne, Teunis.

"Wiets, in kin tashi ki biyo ta nan."

"Lafiya?"

"Ki biyo dai," ya kashe.

Teunis ya ba ta shekara goma sha uku. Manomin furanni ne kamar ubansu, a kan wani siririn fili da ruwa ya sa tsakiya hagu da dama. Shekara goma sha huɗu ya yi yana bin furen Kirsimeti, wani fure mai guba da ke buɗewa a tsakiyar hunturu, da ɗan buroshi, yana ɗebo ƙurar wannan yana shafa wa wancan, ya jira hunturu uku kafin ya ga abin da aka haifa, ya zubar, ya sake. Abin da yake nema fure ne baƙi ƙirin mai ɗaga kai sama, wanda ba ya sunkuyawa kamar 'yan'uwansa. A ƙarshe ya samu, guda ɗaya tal, ya sa mata suna 'Yar Baƙa, wai kafin ya samo mata sunan kasuwa. To, irin furen nan ba ya gadon uwa. In ka shuka ƙwayarsa, abin da ya ga dama shi zai fito. Hanya ɗaya ce ta samun irinta sak, a ɗebi ɗan tohon cikinta a raine shi a kwalba. Sai da aka yi shekara biyu ana fama kafin a sami toho guda da ya tsira daga ruɓa. A hunturun da ya biyo baya, ruwa ya kwanta a filin Teunis, uwar ta ruɓe. Daga ranar, duk abin da ya rage na 'Yar Baƙa a duniya yana cikin kwalabe ne, kwalaben kuma suna hannun Wietske, don ita da kanta ta je ta roƙi a ba ta su.

Ƙarfe huɗu ta hau keke. Yayyafi yake yi, irin wanda ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwa, iska tana tura ta baya kamar mai bin ta da gaba. Kafin ta ƙetare 'yar gadar gidan Teunis gari ya fara rufewa. Ta same shi a gidan gilashi, ya kunna fitilu, yana tsaye hannuwa a aljihu.

Tukwane dubu tara ne jere reras, kore shar, ganye a kan ganye har ba a ganin ƙasa. Lafiyarsu ƙalau, kai, sun fi ƙarfin lafiya. Amma ko fure ɗaya babu. Bara an ce ƙuruciya ce. Bana kuwa hunturunsu na uku ke nan, babu sauran uzuri.

"Ga amaren naki," in ji Teunis. "Latas na noma. Shekara ashirin ina wahala, na ƙare da latas ɗin da ko zomo ya ci sai ya mutu."

"Wataƙila sanyi ne bai ishe su ba."

"Tun Oktoba na buɗe tagogi, har ƙasusuwana suna kuka. Na rage taki, na ƙara taki. Na lallashe su, na zage su. Waƙa ce kawai ban yi musu ba, ita ma don kada maƙwabta su kira mini likita." Ya yi tari, ya gyaɗa kai can ƙarshen layi. "Zo ki ga abin haushi."

A lungun bakin ƙofar baya, inda iska ke shigowa, akwai wasu tukwane da ba su fi sittin ba. Gajeru ne, ganyensu ƙalilan, da ganinsu ka ga marasa galihu. Amma a tsakiyar kowacce fure ya miƙe, baƙi wuluk, fuska a sama, zuciyarsa da 'yan zaruruwa ruwan zuma. Wietske ta tsaya cak. Shekara shida tana yankan abin nan a ƙarƙashin gilashi, koren ɗigo ne kawai a bakin hantsaki, har ta manta fuskarsa. Ta ji kamar wadda ta tsinkayi muryar da ta yi zaton ba za ta ƙara ji ba.

"Yaya, ai ga ta nan!"

"Sittin cikin dubu tara. Kin san fassararsa. Jininta ba ya tsayawa, yau ta yi fure, gobe ta manta. Wa zai sayi abin da ba shi da alkawari? Laifina ne, ni na matsa mata da auren dangi har ta lalace." Ya faɗe shi ba zafi, kamar mai ba da labarin wani. "Ɗazu na kira shugabarku, Annemiek. Na ce gobe da safe ta zuba kwalaben duka a tukunyar tururi a dafe su, a huta. Waɗannan kuma ran Litinin motar juji za ta zo. Na gaji, Wiets. Saba'in da ɗaya ba wasa ba ce."

Wietske ta durƙusa don ta taɓa furen. Sabo ne kawai ya sa idonta ya sauka kan 'yar farar robar da ke soke a bakin tukunya, inda ake buga lambobi. Lambar ƙarshe bakwai ce. Ta duba ta kusa da ita, bakwai. Ta bi layin a tsugunne, bakwai, bakwai, har ƙarshensa. Sai ta miƙa hannu baya cikin korayen nan masu ƙiba, ta ɗaga ganye. Huɗu. Ta ɗaga wani. Huɗu.

Sanyin simintin ya ratsa gwiwoyinta ya hau har ƙeya.

Akwai doka guda a ɗakin yanka, ita ce ta fari da ake koya wa duk sabuwar zuwa, kuma shekara goma sha biyar ke nan Wietske ce mai koyar da ita: ba a zaɓe. Abin da ka tarar a kwalba, mai ƙiba da ramamme, duka za ka yanka. Domin jefi-jefi a cikin dubbai akan sami ɗaya da ya karkace, ya daina tunanin fure ya koma haihuwar toho kawai. Shi ne zai fi kowa kyau a kwalba, shi zai ba ka 'ya'ya bakwai inda na gaskiya ya ba da biyu. In ka bi kyansa, bayan 'yan zagaye kaɗan shi kaɗai zai cika maka ɗaki. Duk tsiron wasu manoma da ya bi ta hannunta, Wietske ba ta taɓa karya dokar nan ba. Sai a kan na ɗan'uwanta. Tana ganin yadda bayansa yake ƙara rusunawa kowane hunturu, tana so ya ga dubu goma da idonsa, kuma da wuri. Sai ta shiga ware masa mafi kyau. Curin da ya cika ya batse ta riƙe, mai toho biyu a langaɓe ta sulala shi a kwandon shara, zuciyarta fes, tana jin gata take yi masa. A garin neman ƙiba aka samo rama.

Na Corrie kuwa, tun lokacin da aka yi wa Wietske aiki a hannu ta yi mako shida a gida aka ba ta 'yan kwalabe ta riƙe, aka manta ba a karɓe ba. Suna nan a kantar ƙasa, ba sa gaba ba sa baya, abin tsokana a wurin shan gahawa.

"Kin yi shiru," in ji Teunis.

Teunis bai san ma'anar lambar ƙarshe ba. Manoma ba sa karanta ta, ba tasu ba ce. Wietske ta saki ganyen ta miƙe.

"Gajiya ce," ta ce.

"Ke ai kin yi naki. Da ba don wannan hannun ba, ko dubu ɗaya ban gani ba. Shigo, akwai miyar wake a wuta."

"Bari in je, kada ruwa ya ƙaru."

Ta tura keken da ƙafa har gida, ba ta hau ba. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da lambu ma, don mai yanka ba ta wasa da ƙasa. Abin da ta mallaka a duniya da za ta ɗaga kai da shi hannun nan ne. Idan baƙi suka zo ziyarar ma'aikatar, bayan kujerarta ake tsayar da su. Kuma ba sai ta yi ƙarya ba, shiru kawai za ta yi, sana'ar da ta fi ƙwarewa a kai. Tururi zai dafe kwalabe, motar juji ta kwashe tukwane, lamba huɗu da lamba bakwai su ruɓe tare. Teunis zai ci gaba da cewa laifinsa ne, yana cewa har ranar da za a rufe shi.

Da safe ta riga kowa isa, in ban da Annemiek. Tun daga ƙofa ta ji hucin tukunyar tururi, an kunna ta tana ɗaukar zafi. A ɗakin reno, ƙarƙashin fararen fitilun da ba su san rana ba, kantoci huɗu sun zama wayam. Annemiek ta loda kwalaben a kan amalanke biyu, tana sunkuye tana kwaso na kantar ƙasa.

"Kin yi sammako. Kama mini wancan mu tura, bayana ya ƙi ni yau. Na ji wa yayanki, wallahi."

Wietske ta kama amalanken. Ta tura shi taku uku. Kwalaben suna karo da juna suna 'yar ƙara, cike da korayen curi masu kyau kamar a sa a baki, aikin hannunta na shekara shida. A can saman kayan aka jibga na Corrie, 'yan tsirrai biyu-biyu a tsaye kamar marayu a bakin ƙofa.

Ta tsaya.

"Annemiek, sauke na lamba bakwai."

"Ya ce duka."

"Bai sani ba ne. Jiya na je. Duk wanda ya yi fure lamba bakwai ne. Duk wanda bai yi ba nawa ne." Muryarta ta fito a bushe. "Furen ba shi da laifi. Zaɓe na yi."

Annemiek ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu.

"Ke? Ke da kike koya wa yara?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Tun zagayen farko."

Annemiek ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta murza idanu.

"Haba, Wietske. Da wata ce ta gaya mini, cewa zan yi hassada ce." Ta numfasa. "Dole in rubuta, kin sani. Kuma ba zan iya barin ki kan koyarwa ba."

"Rubuta."

Nan Corrie ta shigo, rigar ruwa tana ɗiga, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu?"

Annemiek ta gaya mata a taƙaice. Corrie ta daina tauna alewarta.

"Wai 'yan ramammun nan nawa? Waɗanda kuke cewa in kai su asibiti a ƙara musu ruwa?" Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta saitin fitila. "Tabɗi. Ni fa ba wata dabara na yi ba. Ba na iya jefarwa ne kawai, kunyarsu nake ji." Ta juyo za ta ƙara wani abu, ta ga fuskar ƙawarta, ta haɗiye. Suka ƙirga tare. Talatin da takwas.

Wietske ta fita baranda ta kira yayanta. Ta gaya masa komai tiryan-tiryan, ba ta rage ba, ba ta kawo dalili ba. Da ta gama, babu abin da take ji sai ɗigar ruwa a kan rufin gilashinsa.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina ji. Wato jininta lafiya lau."

"Lafiya lau."

"Jiya kin gani ke nan, da kike tsugune."

"Na gani."

"Kika bar ni na ci miyata ni kaɗai ina zagin kaina."

Hawaye ya gangaro mata har cikin kwalar riga, ba ta share ba.

"Tun kina 'yar mitsitsiya haka kike," in ji shi, muryar ta dushe. "A aike ki sayo burodi, ki dawo a guje kin bar shi a kanti. Sauri dai, sauri dai." Ya yi tari mai tsawo. "Nawa suka rage?"

"Kwalba talatin da takwas. Da tukwanenka sittin, kada ka bari motar ta taɓa su."

"Shekara nawa kafin su cika gidan nan?"

"Huɗu. In funfuna ba ta shiga ba."

"Wa zai yanka?"

"Corrie."

"Dodon-koɗi? Ashe sai na kai tamanin." Wani sauti ya fito daga bakinsa, ba ta tantance dariya ce ko wani abin ba. "Ban ce na yafe ba, Wiets. Ban kuma ce zan kai ba. Amma ce wa Annemiek ta bar su. Ran Litinin ki zo ki taya ni loda latas ɗinki, ba zan ɗauke shi ni kaɗai ba."

"Zan zo."

Da ta koma ciki, an riga an tura amalanken nata cikin tukunya an ja murfi. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa hula da takunkumi, ta fesa sifirit a safar hannu, ta zauna a gurbinta. Akwatin iska ya ci gaba da hucinsa na kullum. Kafaɗunta sun yi nauyi kamar ta kwana tana dako, ga shi ko takwas ba ta yi ba.

Aka taɓa ta a gwiwar hannu. Corrie ce, ta ajiye mata tire mai kwalba goma sha tara, ta ja da baya daga bakin akwatin kafin ta yi magana ƙasa-ƙasa ta cikin takunkumi.

"Annemiek ta ce ruwana ne in na ba ki. In ni kaɗai ce, tsohon nan sai dai a kai masa furen kan kabari. Amma kada ki kalli fuskarsu, Keken-ɗinki. Yanka kawai."

Wietske ta jawo kwalbar farko ta buɗe. Toho biyu ne a ciki. Ɗaya da ɗan dama-dama, ɗayan siriri, ya ɗashe, ya kwanta gefe kamar ba zai kai gobe ba. Ta raba su da aska. Ta dasa na farkon. Da ta ɗauki na biyun, hannunta da kansa ya nufi kwandon shara, hanyar da ya saba bi shekara shida. Ta tsayar da shi a tsakiyar hanya. Sannan ta dawo da shi sannu a hankali, ta soka ɗan ramammen a tsakiyar sabuwar kwalba, ta gyara masa tsayuwa, ta rufe, ta manna lambarta.